Buhunan Wake a Ɗakin Buba

Jimeta

Ana kiran assalatu ina tasha, da jaka ɗaya a hannu, hankalina a tashe. Ƙanena Buba, wanda ke noma a Bahuli, shi ya bugo mini waya: matarsa Dija da 'yarsu Aisatu sun tashi da amai, an kwantar da su a wani asibiti a Mubi. Dija ta farfaɗo, amma yarinyar an rasa gane kanta. Shekararta shida.

Motar da na samu an lafta mata kaya har bayanta na shafar ƙasa. Direbobi buzuzu suke ce wa irinta, wai kayanta sun fi ta girma, kamar ƙwaron nan mai mirgina kashin shanu. Yaran tasha suna ta yi wa direban tsiya, ni dai na matsu mu tashi.

Song zuwa Hong

A Song muka sayi ƙosai ta taga, ban iya ci ba. Bayan Gombi sojoji suka sauke mu a shinge, muka taka da ƙafa. Da muka koma mota, na kusa da ni, wani ɗan kasuwa Babarbare mai suna Ba Modu, ya buɗe baki.

"Bana ɗan haya ya gama da mu," in ji shi.

"Wane ne kuma ɗan haya?"

"Ƙwaron wake mana. Tun daga gona yake shiga ya zauna. In ya fito ya bar huda, mu ce wake ya yi taga. In ya zama gari, mu ce ya yi sallama."

Ya ce maganinsa bom, wata ƙwaya mai launin toka da ake ƙullewa a tsumma a cusa cikin buhu. "Amma ba a kwana da shi. Ni shago nake garƙamewa in tafi gida."

Wallahi ya ishe ni. Ina da mara lafiya a gaba, mutum ya dame ni da zancen ƙwaro har Mararrabar Mubi.

Mubi

Kafin azahar na shiga asibitin. Aisatu tana kwance, leɓenta a bushe, numfashi sama-sama. Ta gane ni. Ta ce, "Bappa, ƙirjina."

Ma'aikaciyar jinyar, wata Sista mutuniyar Michika, ta sake tambayar Buba a gabana me yarinyar ta ci. Ya ce tuwon da kowa ya ci. Dija, da ko zama ba ta iya yi sosai, ta roƙe ni in je gida in ɗauko musu bargo da kayan canji.

Bahuli

Keke na ɗauka, hanyar duk ramuka. Ina tura ƙofar ɗakin wani wari ya buge ni, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. An toshe tagar da tsumma saboda sanyi. A bayan gado buhunan wake ne a jere har kusa da rufi.

Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta leƙo. "Bara ɓarayi suka fasa masa rumbu," ta ce, "shi ne ya kawo waken ɗaki. Shi kam yana kwana a masussuka, yana gadin masara."

Na fito na kira Buba.

"Ka sa bom a waken nan?"

"Na sa, Hamma. Biyu-biyu ma, don ya kama da kyau."

"A ɗakin da suke kwana?"

Na zage shi, zagin da ban taɓa yi masa ba tun muna yara, na kashe wayar.

Mubi, da Bahuli kuma

Na koma da gudu na faɗa wa Sista. Ta kira likita, suka ƙara ruwa, suka sa mata robar iska. Ta ja ni gefe ta gaya mini gaskiya: abin ba shi da makari, sai dai a tallafi jiki a jira. Muka jira. Ana kiran la'asar Aisatu ta cika, hannunta a cikin na uwarta. Kafin magariba mun rufe ta a Bahuli. Ban taɓa jin nauyin zuciya irin na ranar ba.

Washegari matasa suka ɗaure fuska da rawani suka fito da buhunan tsakar gida. Wani ya farka ɗaya. Wake ya zubo fari tas, sai matattun ƙwari 'yan ƙalilan a ƙasa. Buba ya ɗebo a tafinsa, ya daɗe yana kallo.

"Ya yi aiki, Hamma," ya ce. Sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

Gida

Bayan addu'ar uku na kamo hanya, na iso Jimeta da yamma. Allah ya saka wa Sista da mutanen Bahuli, Musulminsu da Kiristansu, da suka tsaya mana. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya.

Ƙaramar 'yata ce ta taro ni a ƙofa. Uwarta ba ta iya gaya mata ba. Ta karɓi jakata, ta leƙa bayana, ta ce ina Aisatu, ba na ce in ta warke zan taho da ita ba?