Da Kaka ta ga kumbon nan

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakata Hajjo, kuma har yau ban daina gardama da ita a raina ba.

Makon jiya bayan la'asar, muna zaune da Umma a gidanmu na unguwar Bani Malik, na nuna mata a waya yadda kumbo ya kai 'yan sama jannati tashar da ke kewaya duniya. Na ciki suka buɗe ƙofa, suka rungume baƙin, kowa na shawagi ƙafa ba ƙasa. Umma ta ce, "Ya salam, me suka rasa a gida?" Ni kuwa Kaka ce ta faɗo mini.

Tana ƙaramar yarinya iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Hausa a ƙafa. Sun yi shekaru a Sudan suna noma a gonakin mutane kafin su ƙetaro teku zuwa nan ƙasa mai tsarki. Ba na jin kumbo zai ruɗa ta. Na san abin da za ta tambaya: wa ya tarbe su a can? Haka take yi wa duk mai sallama da ita. Ba ruwanta da nisan hanya, ita dai a faɗa mata sunan mai masauki.

Ni fa na gaji da zama. Shekara biyu da gama sakandare ina wanke-wanke ina kallon bango. Na samu gurbin karatu a Kano, garin da ban taɓa gani ba. Idan na tafi, iƙamata, wato takardar izinin zamana a nan, ta mutu, dawowa kuma sai yadda Allah ya yi. Umma ta ce, "Halas, magana ta ƙare, ba inda za ki. Wa kika sani a can?"

Sai na nemo lambar 'yar ƙanwar Kaka da ke Kano, na kira. Ta yi ta dariyar Hausata, sannan ta ce, "Ke jikar Hajjo ce? Taho, 'yar nan, ɗaki yana nan."

Kwana uku Umma ba ta kula ni ba. Kaka ba ta bar mana gida ba, ba ta bar takarda ba, ko kabarinta ba za mu iya nunawa ba. Abin da ta bari Umma ce ta faɗe shi yau da safe, tana sauko mini da babban akwati daga kan kwaba, ba ta ko dube ni ba: "Ƙafar uwata gare ki. Yalla, maza karɓi."