Awon da Injiniya Ya Yi wa Matarsa

Ba injiniya ba ne. 'Yan unguwa ne suka laƙaba masa sunan, shi kuma bai taɓa wahalar da kansa wajen gyara musu ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan ruwa, cikin wani ɗan ɗaki mai warin sinadari a gefen manyan tankuna. Aikinsa awo. Ya ɗebo ruwa a kwalba, ya tsoma 'yar takardar awo, ya kara ta da jadawalin launuka. In ta yi ja, ruwa ya yi tsami, zai ci bututu, sai ya sa a zuba hodar soda har launi ya koma kore. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba. Da wannan yake tinƙaho, kuma shi ne ya kai shi ya baro.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin tagar falo, tef ɗin awo kullum a wuya. Sun haifi uku, duk sun watse neman abinci, sai autarsu, malamar makaranta a wani gari, ita ce mai yawan kira.

Shekararsa biyu da ritaya matar ta ji ƙullutu a nono. Likita ta ce kansa ce, wato ciwon daji, amma an gan ta da wuri, ta sa ranar tiyata nan da sati uku. Cikin satin farko Injiniya ya ci karo da wani bidiyo a waya. Wani mai farar riga ne ke rantsuwa cewa kansa ba ta iya zama a jikin da babu tsami, a ci abinci mai kashe tsami kawai, wai shi alkalayin. Da wani ne, da ya yi tsaki ya wuce. Injiniya kuwa ji ya yi an shigo fagensa.

"Ashe tsami ne!" ya ce mata, har da dariya. "Abin da na ƙare rayuwata ina gyarawa. Ina raye za a yanka ki?"

"To likita fa, Baban Auta?"

"Ba ni wata ɗaya. In awo bai gyaru ba, ni zan kai ki da kaina."

Ya hana ta nama da ƙwai da madara da sukari. Sai ganye, sai kokwamba, sai ruwa da rabin cokalin soda. Kowace safiya ta ba shi fitsarinta a kwalba, ya tsoma takarda, ya ɗaga ta a hasken taga. Kwana tara ta koma kore shar. Ranar har rawa ya taka a falo, da gwiwarsa mai ciwo. Ya manna takardar a littafi ya rubuta kwanan wata, kamar yadda ya saba a wurin aiki.

Auta ta kira tana kuka. "Baba, don Allah, Mama ba tanki ba ce."

"Ruwan da kika sha kika girma, wa ya auna shi?" Ya kashe wayar.

Ranar tiyata ta zo ta wuce. Asibiti suka kira suka ba da wata ranar, ita ma ta wuce. Abin haushi ne, amma duk wanda ya ce ba ya son matar nan ya yi ƙarya. Shi ke wanke ganyen, shi ke yankawa, kuma abin da ta ci shi yake ci, har wandonsa ya koma faɗuwa. Da maƙwabta suka ce ta rame, sai ya ce dattin jiki ne ke fita.

A wata na takwas ta sunkuya ɗaukar almakashi, ta kasa miƙewa.

A asibiti likitar ta duba hotunan da aka ɗauka, sannan ta buɗe littafin da ya miƙa mata, shafi bayan shafi duk kore. Ba ta yi masa faɗa ba.

"Baba, wannan abin da ƙoda ta zubar ne kake aunawa. Jini shi ke daidaita kansa, abinci ba ya juya shi. Ciwon ya shiga ƙashin baya da hanta. Lokacin tiyata ya wuce, sai dai mu rage mata zafi."

Ya koma ɗakin da aka kwantar da ita ya zauna a kujerar roba. Da ƙyar ya ce, "Awo bai nuna ba. Wallahi ko sau ɗaya bai nuna ba."

"Nawa ya nuna," ta ce a hankali. "Duk wata ina sa tef, kumburin sai ƙaruwa yake. Sau biyu ina buɗe rigunana a ƙirji, kana kasuwa sayen ganye."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

Ta daɗe tana kallonsa, babu fushi a idonta, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

"Shekara talatin ban taɓa jin an ce ka yi kuskuren awo ba. Sai na ɗauka nawa ne ba daidai ba."

Sati shida ta ƙara a gadon nan. Auta ce ta yi jinyarta, kuma har aka fitar da gawar ba ta ɗaga ido ta dubi ubanta ba.