Abla da Labarin Mutanen Ƙanƙara

Duk ranar da aka shafa mini sifirit a asibiti za a yi mini allura, hankalina makaranta yake komawa. Irin warin nan takardun Abla suke yi, malamarmu ta Turanci, masu shuɗin rubutu, waɗanda ake murzowa daga inji da ɗan danshinsu.

Ina aji biyu na makarantar tsakiya a lokacin, muna zaune a unguwar Ƙurban a Madina, gonakin dabino ba su ƙare ba tukuna. A Madina aka haife ni, a Madina aka haifi ubana, amma a aji Takaruniya ce ni, wato baƙar fata mai asali da ƙasar Hausa. Ba duka, ba zagi. Kawai dai ba a matsa mini wuri a benci, in an fita cin abinci kuwa ni da bango muke cin burodina.

Abla 'yar Sudan ce, doguwa, ba ta da yawan dariya. Ranar Laraba in darasi ya ƙare da sauran lokaci, sai ta raba mana takarda ɗaya ta labarin mutanen da, na can arewacin Turai, inda ƙanƙara ke toshe ƙofar gida. Tun farko ta faɗa mana ƙaryar jahiliyya ce, don mu tsinci kalmomi ne kawai. Akwai sarkinsu mai ido ɗaya da hankaki biyu masu kawo masa labarin duniya, akwai mai guduma, akwai kyarkecin da aka ɗaure. Sauran yara hamma suke yi. Ni kuwa, wallahi, har addu'a nake Laraba ta zo. Da ta lura sai ta riƙa tsayar da ni in karanta, in na gama ta dafa kafaɗata. Duk faɗin makarantar nan hannunta kaɗai ne ya taɓa sauka a jikina.

To ni hadda iri ɗaya na sani, wadda Kaka ta koya mini da allo: a tanƙwashe ƙafa, a yi ta rangaji, a ja murya. Haka na hau saman soro bayan la'asar da takardata, ina rera sunayen nan masu karya harshe da muryar karatu, ina ta maimaitawa. Ashe matar maƙwabcinmu na shanya a nasu soron. Kafin magariba magana ta gama lungu, wai 'yar Takari na kiran aljanu.

Ku da ba ku zauna can ba, da wuya ku gane nauyin wannan maganar. Da ma sihiri ne abin da ake jifanmu da shi. Baba ɗaukar kayan alhazai yake a filin jirgi, mutum ne mai gudun magana, amma ran nan maganar ta iske shi har gida. Kaka ta sa na juya mata labarin da Hausa, ta saurara tsaf, ta ce haba, ai tatsuniya ce, laifina ɗaya da na yi ta da rana tsaka kuma da muryar allo. Baba ya ce shi ya yarda, amma mutanen lungu fa? Dole a ga ya yi wani abu.

Namiji ba ya shiga makarantar mata, sai dai wasiƙa. Baba kuwa ya iya karatu, rubutu ne ke ba shi wuya. Ya zaunar da ni ya miƙo mini biro. Yana faɗa ina rubutawa, cewa malama na koya wa yara sunayen gumaka, a bincika. Ina kuka ina gyara masa Larabcin don kada a yi mana dariya. Da safe ni na kai wa shugabar makaranta da hannuna. Akwai kwata a hanya, na daɗe tsaye a kanta, amma ban jefa ba.

Laraba ta zo babu takarda mai shuɗi. Sai muka ji an sallami Abla, ƙarshen wata za ta koma ƙasarsu. Ranar ƙarshe da aka watse, ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

"An nuna mini wasiƙar," ta ce. "Rubutunki ne."

Na ce Baba ne ya sa ni.

"Na sani, ya binti," ta ce, wato 'yata. "Ko kuskure ɗaya babu a ciki."

Ta ja mayafinta ta fita.

Yau jikokina na kallon irin labaran nan a talabijin, 'ya'yan maƙwabta na tare da su a kan darduma ɗaya, ba wanda ya ce uffan. Baba ya rasu bai sake tayar da zancen ba, kuma ban riƙe shi ba. Tsoro ne, na san irinsa. Kaina ne na kasa yafe wa. Har yanzu in na ga doguwar tsohuwa 'yar Sudan a Harami sai na zagaya na leƙa fuskarta. Ko sunan garinsu ban sani ba, don ban taɓa tambayarta ba.