Kawu Peniasi a Littafin Bature

Kawuna Peniasi matuƙin kwalekwale ne a tsibirin Kadavu, shekara talatin yana kai mutane tsakanin tsibirai. Ƙato ne mai surutun tsiya, ko a coci sai fasto ya harare shi. Iyo kuwa tun yana rarrafe ya iya.

Wata shekara wani marubuci Bature, Mista Hollis, ya zo daga Sydney ya sauka a gidan kawu, wai yana son sanin rayuwarmu. Mako uku yana cin rogonmu da kifi, yana yaba mana cewa muna da tsabta, Turancinmu ma ba laifi. Ranar komawarsa ya miƙe tsaye cikin kwalekwale zai ɗauki hoto, igiyar ruwa ta bugo, ya faɗa tsundum yana kiran uwarsa. Kawu ya cafko shi ta ƙugun wando ya jefa shi ciki kamar buhun kwakwa.

Bayan shekara biyu littafin da Hollis ya rubuta ya iso. Inna Asenaca, matar kawu, ita ta karanta mana a gindin mangwaro. A ciki, wani likita Bature ne ya faɗa teku ya ceto masunci mai suna Peni, wanda bai iya iyo ba, ba ya kuma magana sai murmushi. Da ta kai inda Peni ya rungume ƙafar likita yana kuka, dariya ta hana Inna ci gaba. Ta ce don Allah a kawo mata wannan Penin marar magana, a tafi da nata.

Hollis ya gayyaci kawu bikin ƙaddamar da littafin a wani otal a babban birni, Suva. Kawu ya sa rigarsa ta coci ya je. Kafin a fara, wata Baturiya ta gama shan lemo ta miƙa masa kofin ba ta ko dube shi ba. Ya karɓa, yana riƙe da shi har aka kira shi gaban taro.

"Littafi ya yi daɗi," in ji shi. "Gyara ɗaya ne. Ran nan likitan ne ya sha ruwa, a ƙafata ma ya amayar da shi. Af, wannan kofin na wace baiwar Allah ne?"

Turawa suka yi ta tafi, sun ɗauka barkwanci ne. Fuskar Hollis kuwa ta yi jawur.

Kawu ya share faranti uku na abincin otal, ya bi jirgin safe ya dawo gida. Littattafai shidan da aka ba shi kyauta ya raba wa matan ƙauye, sun kuwa ce takardar ba ta da gardama wajen hura wuta.