Maganar da na ji a kan benen wani gida a Barking

Akwai wata Asabar da na je duba gidan sayarwa a Barking, wadda ba na jin zan taɓa mantawa da ita muddin ina raye. A lokacin ni da maigidana mun shekara tara muna haya a wani ɗan flat, wato sashen gida, a Peckham, yara uku a ɗaki guda. Ranar yana wajen aiki, sai na tafi ni kaɗai.

Dillalin, wani Bature mai yawan surutu, ya tarye ni a ƙofar gidan. Kafin ya ƙwanƙwasa sai ya rage murya ya ce masu gidan a matse suke, ko na taya da arha za su sallama. Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta yi mini daɗi.

Wata dattijuwa ce ta buɗe mana, siririya, sanye da mayafi. Muka gaisa da Turanci. Ni 'yar Jos ce, Kirista, sunana kuma na Turawa, babu abin da zai sa ta zaci ina jin Hausa. Ta ce mu duba ko'ina, ban da babban ɗakin sama, maigidanta na kwance ba lafiya.

Ina tsaye a saman bene ina leƙa ɗakin da nake ayyana wa yarana, dillalin ya sauka amsa waya, sai na ji muryar namiji daga ɗakin can, a hankali, harshen yana ɗan nauyi. Da Hausa yake magana.

"Ko nawa ta taya ki karɓa. Na gaji da ganinki kina tallafe ni a benen nan, bayanki har ya fara ranƙwafawa."

Ta ce, "Alhaji, sha maganinka. Bayana bai kawo maka ƙara ba."

Na daskare a wurin. Ga shi na ji abin da duk mai saye yake so ya ji, kuma da na yi shiru na sauka, babu wanda zai sani. Yau in na tuna sai kunya ta kama ni, domin na ɗan jima ina shawara da zuciyata. Daga ƙarshe dai na matsa bakin ƙofar na ce, "Salamu alaikum. Baba, ya jiki?"

Dattijuwar ta dafe ƙirji. Shi kuwa Alhaji dariya ya yi da rabin bakinsa, ya ce ashe 'yar gida ce, in shigo in zauna.

Hajiya ta kawo shayi ta ba ni labari. Alhaji direban bas ne, shekaru uku da suka wuce ɓarin jikinsa ya shanye. Banɗakin gidan a sama yake, shi ya sa suka tare a can, amma duk ranar asibiti sai ta sauko da shi mataki-mataki, ta kuma mayar da shi. Da albashi ya tsaya, sun nemi benefit, tallafin da gwamnati ke ba masu mortgage, wato bashin sayen gida. Sun daɗe suna jira kafin ya fito, da ya fito kuma wani ɓangare na ruwan bashin kawai yake ɗauka. Ashe shi ma rance ne a kan gidan, ranar da aka sayar za a cire. Abin da ya rage da shi za su nemi flat na ƙasa, inda keken guragu zai shiga ya fita. In aka karya farashin, ba zai kai ba. Duk wannan ta faɗa mini ne ba tare da ta roƙe ni komai ba.

Da na koma gida na gaya wa maigidana, sai ya ce mu ma fa muna da yara, ba kuma mu muka ɗora wa mutumin ciwo ba. Na ce gaskiya ne, amma ba zan iya cin ribar maganar da miji ya yi wa matarsa a kan gadon jinya ba. Kwana biyu bai sake tada zancen ba. A na uku yana ɗaura takalmi ya ce in kira dillalin, mu biya yadda suka sa.

Mun ji jiki. Wata biyar muka jira su har suka sami flat, bayan mun tare kuma kusan shekara muka yi muna kwana a kan katifa a ƙasa.

Ranar da za su tashi, maigidana da wani maƙwabcinsu ne suka sauko da Alhaji a kan kujera. Da suka kai tsakiyar bene ya ce su dakata. Ya dafa bango da hannunsa mai lafiya, ya ɗan jima, sannan ya dube ni ya ce, "'Yata, Allah ya sa ku tsufa a gidan nan da ƙafafunku." Hajiya ta juya baya tana gyara mayafin da bai zame ba.

Ya rasu bayan shekara ɗaya da rabi. Da na je gaisuwa, Hajiya ta ce har makonsa na ƙarshe da kansa yake tura kekensa zuwa ƙofa ya sha rana.

Tun daga lokacin, duk sa'ad da aka ce mini wani abu ya yi arha domin mai shi a matse yake, nakan fara tambayar abin da ya matse shi. Na koyi cewa sau da yawa arhar da muke murna da ita, wani ne ya biya ta da lafiyarsa.