Ragin da na je nema

Ƙarar asusu ce ta fara. Ina tsince shinkafa a tsakar gida na ji kacau-kacau daga ɗaki, irin girgizar da yaro ke yi in yana auna abin da ya tara. Na leƙa, sai ga autata a bakin katifa, asusun ƙasa a cinyarta, ƙaramar taɓarya a gefe. Ko azumi ba a kama ba, mu kuwa a gidanmu ba a fasa asusu sai jajibirin Sallah.

Da ƙyar ta faɗa mini. Akwai wasan gine-gine da suke yi a tsohuwar wayar babanta, ita da yaran layinmu a Kwamba. Ɗan maƙwabciyata, wani ɗalibi mai natsuwa, shi ya buɗe musu fili a intanet, suna ce masa saba, kowa ya shiga ya gina gidansa. Shi ne kuma yake sayar da takobi da sulke na cikin wasan. Wanda ya saya, ba mai iya ja da shi. Yaran da iyayensu ke aiki a Abuja da ɗan gidan mai kemis sun saya, sun kuma rushe mata gidan da ta daɗe tana ginawa. Ta ce in ba ta samu takobin ba, ta bar musu wasan.

Nan hankalina ya tashi. Yarinyar nan ba mai shiga mutane ba ce. A wasan nan kaɗai nake jiyo dariyarta da sa'anninta.

Na karɓe taɓaryar. Washegari bayan la'asar na zura hijabi, na ɗauki kwanon dambu, na nufi gidan maƙwabciyar. A ganina komai na sayarwa yana da ragi, kuma in ta hannun uwarsa na bi, dole ya ji nauyi.

Bayan mun gaisa ta kira shi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kawo maganata, har na tambaya ko akwai takobi na hannu, wanda wani ya gaji da shi. Uwar ta kwashe da dariya, wai na ɗauka gwanjo na zo. Shi bai yi dariya ba.

"Mama, ai kin makara," ya ce. "An hana."

Ashe kamfanin da ya ƙirƙiro wasan ya kafa doka: mai saba ba zai ƙara sayar da abin da zai fifita wani a kan wani ba. Hula, launin riga, kayan ado, duk ba laifi. Amma ƙarfi ya fita daga kasuwa, wanda ya ƙi bin dokar kuwa za a toshe filinsa. Ya ce tun da safe ya kwance wa kowa takobinsa. Damuwarsa dai, da cinikin nan yake biyan hayar filin.

Na yi hamdala a zuci, sai kuma tausayinsa ya kama ni. Na ce ya sa wa yarinyata hula ɗaya, ba ragi. Uwar ta ce to wannan wane irin ciniki ne, an zo neman sauƙi an koma da hula.

A ƙarshen makon ina ninke wanki na jiyo dariyar nan. Autata ta fito da wayar, fuskarta wasai.

"Umma, sun zo za su rushe, sai muka ga duk takobinmu na katako ne. Yanzu ma ɗan gidan mai kemis ne ke ɗebo mini duwatsu."