Hayaƙin Kaskon Okwudili

Shekara goma sha tara ina faci a bakin titi a Dutse Uku, shagon Okwudili mai gyaran batir na manne da rumfata. A Jos aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu, kuma duk layin babu mai sanyin halinsa. Direba zai zage shi tas, shi ko sai ya yi dariya ya miƙa masa kujera. Ni mai saurin hannu har haushinsa nake ji.

Aikinsa shi ne ya sare tsohon batir da gatari, ya zubar da ruwan, ya ciro dalmar ciki ya narka a kasko kan gawayi, ya zuba wa wani batirin sabon kai. Da hannun nan baƙi ƙirin yake cin masa, wani lokacin a kwano ɗaya da ni. Mu a wurinmu baƙin hannu shaidar neman halal ne.

Shekara goma sha ɗaya suka yi da matarsa Ugomma babu haihuwa, sannan Allah ya ba su Ifechi. Mutumin nan ya zauce a kan yarinyar. Tun da ta fara tafiya, in uwar ta tafi kasuwa sayar da busasshen kifi, shi yake saɓo ta zuwa shago. Saboda sanyin Jos, sai ya shimfiɗa mata kwali a bayan kasko, wai nan ya fi ɗumi. Har 'yan motoci yake zuba mata da ragowar dalma, tana wasa tana tsotsa.

Ciwon ciki ya fara kama shi, irin mai naɗe mutum a ƙasa, sai ciwon kai. Ya sha jiƙo har ya gaji. Daga nan ya fara ɗaga wa mutane hannu. Wani mai Keke ya ce batirinsa bai cika ba, Okwudili ya shaƙe shi, ya dinga buga kansa da ƙyaure har sai da mutum huɗu suka ɓamɓare shi. Bayan mako biyu na ce ya matsar da jarkarsa daga gaban rumfata. Abin da na faɗa ke nan, wallahi. Sai jin sifana na yi a bakina, haƙora biyu suka zubo a tafin hannuna.

Ni ma ba waliyyi ba ne. Na rarumi ƙarfen cire taya na yi kansa. Amma a garin nan faɗa tsakanin ni Haladu da Okwudili ba ya tsayawa a kan mutum biyu. Kafin ka ce me, matasa sun fito ta nan da ta can, an fara tsintar duwatsu, masu shaguna na jan ƙofa. Dole na yar da ƙarfen na hau kan taya, jini na zuba a rigata, ina ihu: "Tsakanina da maƙwabcina ne! Kowa ya koma!" Na tsane shi ranar, ba zan ɓoye ba.

Kowa ya kawo dalilinsa. Wasu suka ce giya, alhali ba ya sha. Wasu suka ce ƙwaya, 'yan cocinsu suka ce jifa ne daga ƙauye, ni kuma na ce iska ce. Muna cikin wannan shirme ya karya wa Ugomma hannu a kan miya ta yi sanyi. Ita ma Ifechi, mai shekara huɗu, ta fara cizon yara, kalmomin da ta iya suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Muka ce halin uba ta gado. Har yau in na tuna wannan maganar kunya nake ji.

Wata Talata da hantsi na ji ƙararsa: "Malam Haladu! Zo, don Allah!" Wata uku ba mu yi magana ba. Na tarar da yarinyar a kan kwalinta tana jijjiga, ido ya juye, kumfa a baki. Ya yi ya yi ya ɗauke ta, hannunsa na dama ya ƙi, ya lanƙwashe daga wuyan hannu. Ni na sungume ta muka tare Keke.

A asibiti muka faɗa hannun wata nas, Sista Magadaliya. Da aka samu jijjigar ta lafa, sai ta tambaye shi sana'arsa, da inda yarinyar take wuni. Ta sa ya buɗe baki, ta nuna mini wani shuɗin layi a dasashinsa. Aka ɗebi jininsu su biyu, bayan kwanaki sakamako ya fito.

"Oga, dalma ce," in ji ta. "Hayaƙin da ƙurar da ke hannunka da kayanka. Ita ta kawo ciwon cikin, da faɗan, da hannun nan. Yaro kuwa jikinsa ya fi na babba zuƙarta, kuma ƙwaƙwalwa take nufa."

"Sista, maganarta za ta dawo?" in ji Okwudili.

"Za mu ba ta maganin da zai rage ta a jini. Abin da ya riga ya taɓu, ba zan yi maka alkawari ba."

Daga asibiti shago ya wuce. Ya ɗaga guduma zai fasa kaskon, ta suɓuce ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗuwa. Sai ya dinga dukan bango da goshinsa har fata ta tsage. Na ture shi gefe na ɗauki gudumar. Na farfasa kaskon, na rushe murhun, ban tsaya ba sai da kafaɗata ta gaji, ina yi ina kuka kamar ba ni ba.

Yanzu Ifechi shekararta bakwai. Suna zaune da uwarta a Jos Jarawa, gidan yayar Ugomma, shi kuma yana gadi a wata makaranta. Fushin ya sauka, amma Ugomma ba ta dawo ba, kuma ban ga laifinta ba. Ranar Lahadi yake zuwa ganin 'yarsa, ni nake raka shi. Kalma ɗaya ta rage a bakin yarinyar, da ita take kiran kowa. Tana hango shi a ƙofa sai ta ce, "Mama." Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Na'am."